Ƙafar da Ba Ta Jin Ƙaya

Aikin farko da aka taɓa ɗora mini a duniya shi ne duba ƙafar kakata. Ina da shekara bakwai lokacin, muna zaune a Wurno, a wani gidan ƙasa mai ɗaki uku kusa da ɗakin shan maganin da mahaifina yake aiki. Da ladanin unguwa ya kira magariba, sai Inna ta zuba ruwa a tsohuwar tasa, ta tsoma gwiwar hannunta ta tabbatar babu zafi ko kaɗan, ni kuma in ɗauko fitilar ƙwai in durƙusa. Kaka ta saka ƙafafunta su jiƙa. In sun yi laushi sai in ɗora ɗaya a cinyata, in bi tafin da ɗan yatsa tun daga diddige har inda yatsu suka taɓa zama, ina neman ƙaya ko faso ko ƙuna. In goge kaushi da dutse, in shafe da man gyaɗa, in jawo ɗayar. Duk tsawon wannan aiki bakinta ba ya hutawa. Waƙa take yi ƙasa-ƙasa, tana kaɗa kai.

Wata rana ta kasuwa na tarar da 'yar ƙusa ta huda takalminta na taya, ta shige tafin ƙafa har ta yi wa kanta gurbi. Da ita ta je kasuwa, da ita ta dawo, ba ta sani ba. Baba ya zo ya zare ta, ya wanke ramin, ya naɗe da bandeji, ita kuwa ko gezau. Ni da nake tsalle in na taka tsidau, sai abin ya ba ni sha'awa. Na ce, "Kaka, ke kin ji daɗi, ba kya jin zafi." Waƙar ta tsaya. Ta dube ni a hasken fitila ta ce, "Angona, wanga ba daɗi ba na. Zahi ɗan aike na. Ƙahwar da ɗan aike ya daina zuwa gare ta, ita ka ruɓewa." Ta koma kan waƙarta daga inda ta tsaya.

Shekara arba'in ke nan da 'yan kai, kuma sai a 'yan shekarun nan na gane ba maganar ƙafa kaɗai take yi ba.

Kaka 'yar wani ƙauye ce a fadamar Rima, tafiyar hantsi daga Wurno. Tana amarya aka ga tabo a bayanta, fari-fari, wanda ba ya jin tsinke. Aure ya mutu, aka ware mata ƙwarya da tabarma. Daga baya wanta ya ɗora ta a jaki ya kai ta Amanawa, kudu da birnin Sakkwato. Masu tasowa yanzu sun san Amanawa da asibitin cututtuka masu yaɗuwa, inda aka killace mutane lokacin korona. Amma asalinsa sansanin masu kuturta ne. Turawan mulki sun daɗe suna hana mishan wa'azi a ƙasashen sarakunan Musulunci, kuturta ce ta buɗe musu ƙofa: a ƙarshen shekarun 1930, da amincewar hukumomin En'e, mishan ɗin SIM ya karɓi kula da Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Maganin da Kaka ta tarar allurar wani mai ne daga ƙasar Indiya, wadda ta ce ko jarumi sai ya yi ƙara, ga kumburi, ga ƙarancin amfani. Sai wajen farkon shekarun 1950 ƙwayar dafson ta wadata, ita ce ta kashe cutar a jikinta. Sai dai ƙwaya ba ta mayar da yatsa. Abin da ya tafi ya tafi.

A can ta koyi karatun boko, da Littafi Mai Tsarki na Hausa bugun 1932, a can aka yi mata baftisma, a can ta auri kakana, shi ma majinyaci. Na sha jin masu cewa mutanen Amanawa sun sayar da addininsu ne a kan allura da tuwo. Ban ce babu wanda ya yi haka ba, ɗan Adam ɗan Adam ne. Amma da yawa sun warke sun koma gida da Musuluncinsu, ba wanda ya hana su magani. Kuma in ciniki Kaka ta yi, to ta faɗi, domin rabuwa ta biyu ta sayo: dangin da suka guje ta saboda cuta, yanzu sun sami dalili na biyu. Wanta bai yanke zumunci ba, Allah ya saka masa, kowace kaka yakan aiko da damin gero. Amma bai ƙara cin abinci a ƙwarya ɗaya da ita ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

'Ya'yan majinyata da dama aikin asibiti suka koya, don shi suka buɗe ido suka gani. Haka Baba ya zama malamin shan magani, aka yi ta jefa shi daga wannan gari zuwa wancan: Wurno, Rabah, daga ƙarshe Goronyo. Ko'ina muka je da Kaka muke tafiya, da tasarta, da wani tulu baƙi da ba a zuba masa ruwa.

Wurno ba ƙaramin gari ba ne a tarihi. Ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, nan ya rasu a 1837, nan hubbarensa yake, kuma mun tashi muna ganin masu ziyara daga nesa suna cire takalma a bakin ƙofa. A irin wannan gari mu Kirista ba mu fi gida shida ba: wani ɗan sanda mutumin Zuru, malamin firamare daga kudancin Kaduna, wani Inyamuri mai shagon magani, 'yan bautar ƙasa masu zuwa su tafi, sai mu. Mu ne muka fi ba mutane mamaki. Baƙo Kirista abu ne da aka saba da shi, amma Bahaushe mai Sakkwatanci tsantsa, wanda ya san sunan kakanninsa a fadamar nan, a ce Masihi yake bi? Har yau akwai mai tambayata, "To amma asali ku mutanen ina ne?" Nakan ce masa mu tafi in nuna maka kushewar kakan kakana.

A zauren ɗan sandan nan muke sujada ranar Lahadi. Babu fasto, sai wanda ya fi iya karatu ya karanta, wanda ya fi iya magana ya yi bayani. Littafin Waƙoƙi guda biyu ne, duk sun sha ɗinki. Matan su huɗu, amma ba su yarda a kira su da wani suna ba sai zumuntar mata, kamar dai su ɗari ne a babbar majami'ar ECWA. Kaka ce mai tulu. Baba ya hana ta, don duka yana fasa fatar dungu ba ta sani ba, sai ta naɗe hannun da tsumma ta ci gaba. Sautin tulun nan mai zurfi ne, bum, bum, kamar ana daka a gidan maƙwabta. Yara 'yan unguwa sukan taru a bakin zaure suna leƙe, wani lokaci uwayensu su kira su, wani lokaci su ƙyale.

Shekarar 1984 ta zo da fari. Gero ya bushe a tsaye, mutanen Nijar suka yi ta gangarowa da 'yan ƙullin kayansu, albashin Baba ya yi watanni bai fito ba. Mun ci tuwon dusa, mun ci tafasa da ƙuli. Abin da na fi tunawa a shekarar shi ne haushi. Cikina yana kuka, ita kuwa tsohuwar nan tana waƙar godiya. Godiyar me? Da muka koma Rabah na shiga makarantar gaba da firamare, haushin ya rikiɗe ya zama kunya. Rabah garin Sardauna ne, nan aka haife shi, nan ya yi hakimci kafin duniya ta san shi, kuma yaran garin suna da alfahari da ya dace da hakan. Ni kuwa sunana a filin ƙwallo jikan kuturwa. Na fara bin wata hanya in na hango ta tafe. Na kuma yanke hukunci a raina, irin hukuncin ɗan shekara goma sha biyar da ya karanta littafi uku, cewa waƙar Kaka maye ce irin ta talaka: wanda ba shi da komai sai ya lallashi kansa da sama.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu a Rabah, Hajiya muke ce mata, aminiyar Kaka. Da Sallah ta aiko da tuwon shinkafa da nama, da Kirsimeti mu aika mata, kuma Baba kullum malamin unguwa yake kira ya yanka akuyar Kirsimeti don kada wani ya ƙi ci. Su biyun sukan zauna a inuwar darbejiya suna gardamar da ba ta ƙarewa. Hajiya ta rasa 'ya'ya biyar cikin tara. Ban taɓa jin ta ce komai a kai ba sai alhamdu lillahi, da fuska a sake, kuma ba na shakkar har zuciyarta take faɗa. Wata rana na ji ta ce, "Ke dai kin cika hayaniya da Ubangiji. Shi haƙuri shiru aka yi nai." Kaka ta yi dariya ta ce, "Naki haƙuri na da kunya, nau ba shi da ita."

Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a ka. Bahaushe, Musulmi ne ko Kirista ko Bamaguje, da haƙuri aka yaye shi. A gidan makoki ma tambayar da muke yi ke nan, yaya haƙuri, a amsa da godiya. Mace mai naƙuda ba ta ƙara, yaro a hannun wanzami ba ya kuka. Tarbiyya ce mai kyau, ita ta riƙe ƙasar nan a yunwa da yaƙi da annoba. Abin da Kaka ta ɗora a kai shi ne buɗe baki, kuma ta fuska biyu take buɗe shi. Wannan ne na kasa gani ina yaro. Na ji waƙar, ban kula da kukan ba. Alhali da asuba, kafin kowa ya tashi, nakan ji ta tana addu'a kamar mai faɗa da wani a ɗaki: tana lissafa masa yatsunta ɗaya-ɗaya, tana tambayarsa ina amfanin abin da ya yi, tana tuna masa 'yarta ta fari da aka raba ta da ita tun tana goye. Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Sannan ta share fuska da gefen zane, ta ɗauko waƙa. Ba a kan ramin take shimfiɗa tabarma ba. Sai ta leƙa ta ga zurfinsa tukuna.

Littafin da take karantawa ma haka yake, in mutum ya karanta shi da gaskiya. Ayuba, wanda Musulmi da Kirista duk suke buga misali da haƙurinsa, surori da yawa ya yi yana kai ƙara, har ya la'anci ranar da aka haife shi. Zabura cike take da koke. Wasiƙar da aka fi ambaton farin ciki a cikinta, wadda Bulus ya aika wa mutanen Filibi, daga kurkuku aka rubuta ta. Labarin da Kaka ta fi so kuwa shi ne na Bulus da Sila a gidan yari, bayan an yi musu bulala an sa ƙafafunsu a turu, suna waƙa da tsakar dare. Kullum takan tsaya ta ɗaga dungunta ta ce mu lura: kafin ƙofa ta buɗe suka yi waƙar, ba bayan ta buɗe ba. Ba su san za ta buɗe ba.

Na bar gida a shekarun 1990, na yi karatu, na zauna a birni, na shiga manyan majami'u masu lasifika da janareta da kujerun roba. A nan na tarar da wani irin farin ciki da ban sani ba. Lokacin shaida sai mutum ya fito ya ce ya sayi mota, wata ta sami biza, wani an ƙara masa girma, a yi ta tafi da guɗa. Ban raina wannan ba. Wanda ya taɓa kwana da yunwa ba zai yi wa mai murnar samun aiki dariya ba. Amma na lura da waɗanda ba sa fitowa: matar da ta shekara goma sha biyu ba haihuwa, mutumin da ciwon ƙoda ya cinye gidansa. Su wa'azin yake gaya wa, a kaikaice, cewa bangaskiyarsu ce ta gaza. Aka koya mana kada mu ce ba mu da lafiya, kada mu ce muna cikin wahala, wai baki shi ke yanka wuya. Mutum yana zazzaɓi yana rawar sanyi, ka gaishe shi ya ce yana da ƙarfi. Farin ciki ya zama rasit, takardar da ake nunawa bayan an karɓi kaya. Wanda bai karɓa ba kuwa sai ya ari fuska.

A wani zama irin wannan ne, ina kallon wani ɗan'uwa yana murmushi kwana uku bayan ya binne ɗansa, yana cewa ba komai, ba komai, maganar ƙusa ta faɗo mini. Ga ƙafa tana tafiya a kan ƙarfe ba ta sani ba. Har ga Allah na ji tsoro, don na san yadda irin wannan ƙafa take ƙarewa.

Goronyo ce ta riƙe iyayena har Baba ya yi ritaya. Madatsar ruwan da aka gama a 1984, aka buɗe a 1992, mai tsawon fiye da kilomita 12, ta sauya garin: noman rani ya bunƙasa, albasa da tafarnuwa da shinkafa suka kawo kuɗi, ma'aikata suka zo daga wurare daban-daban. Ikkilisiyarmu ta kai mutum sittin ko fiye, aka gina ɗakin sujada na ƙasa da rufin kwano, aka sami mai bishara. Sai ga ambaliyar Satumbar 2010. Gulbin Rima ya ƙi zama a gadonsa, ya shafe ƙauyuka irin su Kagara, ya bi fadama har Sakkwato inda ya yanke hanyar jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Gero ya riga ya nuna, saura yanka. Rumbuna suka narke kamar gishiri. Bangon ɗakin sujadarmu na gabas ya zauna.

Dattawa suka yi shawarar a ɗage bikin godiya na kaka, tunda ba abin da aka girbe. Kaka, tana da shekara tamanin da wani abu, ido ya tafi, ta aika a gaya musu in sun ɗage ita za ta yi nata a tsakar gida. Aka yi shi a ƙarƙashin rumfar kara. Na zo daga birni don in gani. A wurin da a da ake jibge dammuna da buhuna da kaji, ranar abin da aka tara bai cika tabarma ɗaya ba. Ita mudu guda ta kawo, daga cikin geron agajin da aka ba ta. Kafin a yi waƙa ta nemi a bar ta ta yi addu'a, ta yi ta kiran sunayen maƙwabta, Musulmi kusan dukansu, wane rumbunsa uku, wance awakinta bakwai, wane jikansa da ruwa ya tafi da shi. Ba wanda bai yi hawaye ba. Da ta ce amin sai ta laluba ta jawo tulun. Daga baya aka kwashe abin da aka tara aka kai makarantar da 'yan gudun ambaliya suke kwana.

Da sanyin shekarar ta rasu. 'Ya'yan wanta sun zo daga ƙauye, ba su shiga wurin addu'a ba, amma sun zauna a ƙofar gida kwana uku suna karɓar gaisuwa a matsayin masu mutuwa. Tulun ya koma hannun Goggo, ƙanwar Baba, mai sayar da ƙosai da kunu a bakin kasuwa.

Nakan ce Allah ya yi wa Kaka gata da bai nuna mata abin da ya biyo baya ba. Kuturta tana da ƙwaya, fari yana da damina a gabansa, ambaliya tana janyewa. Wannan kuwa mutum ne da bindiga a kan babur. A watan Yulin 2018 aka afka wa Tabanni a ƙasar Rabah, aka kashe fiye da mutum talatin, waɗanda suka tsira suka cika Gandi. Daga nan abin ya zama ruwan dare. Dajin Gundumi ya gagari matafiya, hanyar Marnona zuwa Isa ta zama sai dole, ƙauyuka suka koma biyan haraji ga ɓarayin daji kafin su yi shuka, su sake biya kafin su girbe. Ikkilisiya ta zube kamar ganyen kuka da rani. Wani mai shagon magani ya kwashe iyalinsa, 'yan bautar ƙasa suka daina zama, ma'aikata suka nemi canjin wurin aiki. Aka daina addu'ar dare, aka daina zagayen waƙar Kirsimeti gida-gida, sujadar awa uku ta koma awa ɗaya.

Gaskiya guda biyu ce a nan, kuma ba na son in faɗi ɗaya in haɗiye ɗaya. Ta farko, ɗan bindiga a gabashin Sakkwato ba ya tambayar addini. Waɗanda aka kashe, aka sace, aka kora daga gonakinsu, kusan dukansu Musulmi ne, har da limamai, har da masu sallah a cikin masallaci. Duk Kiristan da ya ba da labarin yankin nan kamar shi kaɗai ake farauta ya ci amanar maƙwabtansa. Ta biyu, akwai wani tsoro na daban da 'yan tsiraru suke kwana da shi, wanda ya fito fili a birnin Sakkwato a watan Mayun 2022, lokacin da aka kashe wata ɗaliba, gari ya rikice, aka taɓa majami'u, har aka sa dokar hana fita. Goggo tana ɗauke da duka biyun, kamar mai tallan da ta ɗora ƙwarya kan ƙwarya.

Lahadi ce ranar kasuwar Goronyo. Tun da muka koma garin haka abin yake: a fito sujada, a canja kaya, a nufi kasuwa. Ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021, da yamma, kasuwa ta cika maƙil, 'yan bindiga suka zagaye ta suka buɗe wuta. Gwamnati ta ce mutum 43 suka mutu. A lokacin an yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar tun watan Satumba, har da Goronyo da Rabah, don haka ba wanda za ka kira. A rediyo na ji. Na kwana biyar ina jiran wani ya fito daga can da labarin Goggo, ban samu ba. Ranar Asabar na shiga mota daga Sakkwato, muka bi ta Achida, ba mai magana a cikin motar sai direba da ke ta salati a kowace kwana.

Na same ta zaune a ƙofar ɗaki, ƙafafu a miƙe, an naɗe su da tsumma. Da harbi ya tashi ta bar kasko a wuta, ta bar takalma, ta faɗa gonakin bayan kasuwa ta yi ta gudu cikin ƙarangiya da kututturen kara har duhu ya rufa. Mai shayin da ke gefenta, wanda ya shekara goma sha biyar yana ba ta canji, bai tashi ba. Yaron da ke ɗebo mata ruwa ma haka. Ta faɗa mini sunayensu, da na wasu tara da ta sani, tana lanƙwasa yatsu.

Washegari na raka ta sujada, a bayan babur don ba ta iya takawa. Mu goma sha ɗaya ne. Mai bishara bai yi wa'azi ba, ya ce ba shi da abin faɗa, ya karanta zabura ɗaya ta kuka ya zauna. Aka yi shiru mai tsawo, irin wanda ake jin kukan kurciya a waje. Wani dattijo ya tashi ya ce shi dai yau ba zai iya waƙa ba, a gafarce shi. Ba wanda ya ce masa bangaskiyarsa ta gaza. Goggo ta ce, "Zamna abinka, Baba, mu yi maka." Su uku ne zumuntar mata ranar. Ta jawo baƙin tulun nan tsakanin gwiwoyinta, ta fara a hankali, muryoyinsu suna rawa, hawaye yana bin haɓarta yana ɗiga a wuyan tulun. A baiti na uku na ji wata murya mai kauri ta shigo daga baya. Dattijon ne, kansa a sunkuye.

Da muka koma gida ta ce akwai sauran ƙaya da ta ƙi fita, tana hana ta barci, ga shi tana son ta zaga gidajen makoki kafin a watse, ba ta je ko ɗaya ba. Na ce a kawo ruwa a tasa. Babu fitilar ƙwai yanzu, wayata da ba ta da layi na kunna, wata jikarta ta riƙe mini. Na ɗora ƙafar a cinyata, na gasa allura, na bi tafin da yatsa har na ji ɗan tudu kusa da diddige, ya yi ruwa. Ina sa bakin allura ta zabura ta kai mini duka a kafaɗa.

"Wayyo Allah! Kai ɗan nan, kashe ni za ka yi?"

"Yi haƙuri, Goggo, ta kusa."

"Ina jin ta har ƙoƙon kaina," in ji ta, tana huci. Sai kuma ta fashe da dariya, hawaye na zuba, ta dafa kan jikar tata. "Ke, riƙe fitila da kyau. Na gode Allah, ina jin ta."

Ƙayoyi huɗu na cire. Na shafa mata man gyaɗa, na naɗe da sabon tsumma. Ta sa aka auno gero mudu biyu aka ƙulle a leda, ta yafa mayafi, ta dafa kafaɗata. Gidan mai shayi muka fara zuwa.